Jinyar Mai Tarin Fuka: Wata Shida Ana Lissafi

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, cikinsu har da Shaihu Halilu a Muhtasar ɗinsa, sun ƙidaya jinya cikin uzurorin da ke halatta wa mutum barin sallar Juma'a, duk kuwa wanda ya san girman Juma'a a shari'a ya san ba ƙaramin matsayi suka ba mai jinya ba. Sai dai matsayi daban, iya aiki daban, domin sau da yawa gidan da ya cika maƙil da masoya da masu dubiya shi ne wanda in ka tambaya ko Baba ya sha magani yau, uwargida za ta dubi amarya, amarya ta dubi babban ɗa, a rasa mai ba da tabbataccen jawabi.

Irin wannan sakaci ba ƙaramar illa yake yi wa mai tarin fuka ba, cutar da likitan nan Bajamushe Robert Koch ya gano ƙwayarta a 1882. Maganinta wata shida ne cur, kullum ba fashi, biyun farko ana haɗa magunguna huɗu, huɗun baya a koma biyu, a Nijeriya kuma kyauta hukuma ke bayarwa. Fitinar tana zuwa ne bayan 'yan makonni, sa'ad da tari ya lafa, gumin dare ya ɗauke, tuwo ya fara shiga, sai majinyaci ya yi hamdala ya ajiye magani, alhali ƙwayoyin da suka saura su ne masu taurin rai, waɗanda in an yi musu sassauci suna iya komowa da irin da maganin farko ba ya ci, mai tsananin wahalar jinya.

Saboda haka a ganina wajibi ne iyali su wakilta mutum guda ya riƙe katin asibiti da ɗan littafi, su kuma naɗa masa na'ibi, don shi ma ɗan Adam ne, yana gajiya, yana tafiya. Ya ƙulla shan magani da sallar asuba, tunda an fi so a sha kafin a karya kumallo, ya tsaya har a haɗiye, sa'an nan ya ja layi a littafin. A nan zai rubuta ranakun kai kaki gwaji, ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida, da ranar karɓo magani tun na hannu bai ƙare ba. Tagogi su zauna a buɗe, yara ƙanana a kai su a duba.

Masu dubiya, Allah ya saka musu da alheri, kowa da jiƙon da ya warkar da wani. A karɓa da godiya, a ajiye sai an tambayi likita, gama magungunan tarin fuka suna nauyaya wa hanta. Fitsari ya yi ja-ja, wannan aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan, ba abin firgita ba. Amma in idanu suka yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, to a ranar za a koma asibiti, da littafin a hannu.