Ƙasar Filin Koshien Da 'Yan Ci-Ranin Okinawa

Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya tafi neman abinci a wani wuri ya san akwai ranar da mutum kan ji nauyin faɗin inda ya fito. Haka abin ya kasance ga mutanen Okinawa mazauna birnin Osaka na ƙasar Japan, kafin wasan ƙwallo na 'yan makaranta ya taimaka wajen cire musu wannan kunya.

Okinawa tsibirai ne a can kudancin Japan, fiye da mil 700 daga Osaka, kuma mutanenta suna da harshensu da kiɗansu dabam. Bayan shekara ta 1920 farashin sukari ya faɗi, alhali kuwa noman rake suka dogara da shi. Da yunwa ta tsananta, samari da 'yan mata suka yi ta kwarara zuwa Osaka, suna aiki a masaƙu da wuraren tsaga katako, da yawansu suka zauna a unguwar Taisho. Amma ba su sami karɓa ba. Wasu masu gidajen haya da masu ɗaukar ma'aikata sun riƙa kafa sanarwa cewa ba sa son ɗan Okinawa. Saboda haka wasu suka sake yadda ake kiran sunayensu, suka daina yin yaren gida a bainar jama'a, har molonsu mai tsirkiya uku sai a ƙuryar ɗaki suke kaɗa shi.

To, ba nisa da Osaka, a garin Nishinomiya, akwai wani filin wasa da ake kira Koshien, wanda aka buɗe a 1924. A nan ne ake yin gasar besbol ta makarantun sakandare kowane watan Agusta, gasar da aka soma tun 1915. Besbol wasa ne na mutum tara-tara: ɗaya ya jefa ƙwallo, abokin gaba ya doke ta da kulki, ya ruga ya zaga fili. Kowace jiha takan aiko da zakaranta, wanda aka ka da sau ɗaya kuwa ya kama hanyar gida. Bisa al'ada, yaran da aka cinye sukan durƙusa su ɗebi ƙasar filin a jaka su tafi da ita don tunawa.

A 1958 ne makarantar Shuri ta zama ta farko daga Okinawa da ta shiga wannan gasa. A lokacin tsibiran suna hannun Amurka tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sai da takardar izinin tafiya yaran suka iso. A wasansu na farko makarantar Tsuruga ta cinye su 3 da 1, suka ɗebi ƙasa kamar kowa. Da jirgin ruwansu ya isa tashar Naha, ma'aikatan tsaron cutar tsirrai suka ce wannan ƙasar waje ce, doka ba ta yarda a shigo da ita ba. Aka zubar da ita a teku.

Labarin ya bazu ko'ina cikin Japan. Wata ma'aikaciyar jirgin sama da ta ji abin ta tattara tsakuwa daga Koshien, tun da dokar ba ta shafi dutse ba, aka kai wa makarantar. An yi abin tunawa da waɗannan duwatsu a harabarta.

Daga nan 'yan ci-ranin suka mai da Koshien dandalinsu. Duk ranar da yaran Okinawa za su yi wasa, sai su hau jirgin ƙasa su cika gefensu na filin, suna fito da yatsa irin na gida, suna rawa da hannuwa sama. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɓoye asalinsa sai ga shi yana ihu da sunan tsibirinsu, na kusa da shi kuma ya gane ashe ɗan garinsu ne. Da yake kawo 'yan badujala daga Okinawa yana da tsada, wata makaranta ta garin Amagasaki ta ɗauki nauyin yi musu kiɗa shekara da shekaru.

Yaran ma ba su ba su kunya ba. Shuri ta ci wasan farko na Okinawa a 1963. Makarantar Konan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1968, shekara huɗu kafin a mayar wa Japan tsibiran a 1972. Okinawa Suisan ta zo ta biyu a 1990 da 1991. Okinawa Shogaku ta ɗauki tutar gasar da ake yi a watan Maris zuwa Afrilu a 1999, sa'an nan a 2010 Konan ta haɗa gasar biyu duka a shekara ɗaya.

Ba ƙwallo kaɗai ya gyara zaman mutanen nan ba. Sun yi fama da kansu wajen neman gidaje da aiki da mutunci. Amma filin ya ba su wurin da za su tsaya tare a gaban idon kowa. A 1975 samarinsu ma'aikata suka fito da gangunansu suka soma bikin rawar Eisa a unguwar Taisho, a fili, cikin birnin da magabatansu suka riƙa kaɗa molo a ɓoye.