Ko Kun Sani? Iyayen da Suka Sallami Malamai a New York

A watan Mayun 1968, kwamitin iyaye da sauran mazauna mai kula da makarantun unguwar Ocean Hill-Brownsville da ke birnin New York a Amurka, inda galibin mazauna baƙaƙen fata ne da 'yan Puerto Rico, ya sallami malamai da shugabannin makaranta 19. Ƙungiyar malamai ƙarƙashin Albert Shanker ta shiga yajin aiki sau uku, yara fiye da miliyan ɗaya suka rasa karatun kwana 36. Malaman sun ce an kore su ba tare da an saurare su ba, kuma wannan ƙorafi yana da tushe. Amma iyayen sun shafe shekaru suna kukan 'ya'yansu ba sa iya karatu, hukumar ilimin birnin tana yi musu kunnen uwar shegu. Laifin farko na hukumar ne.