Yadda Za A Zaɓa Wa Mai Raunin Ƙafa Takalmin Ƙarfe

Mai gida da uwar gida, wannan magana taku ce, idan akwai wani a gidanku da ke jan ƙafa, ko wanda gwiwarsa ke lanƙwashewa baya in ya tsaya. A ƙauyukanmu yawanci shan inna ce ke kawo haka. A shekarar 2020 aka tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Nijeriya da Afirka duka, amma akwai wani irinta da ke kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, saboda haka kada ku daina kai yara a ɗiga musu magani. Waɗanda ta riga ta taɓa kuwa suna nan tare da mu, yara da manya. Ban da shan inna, kuturta da shanyewar ɓarin jiki suna kawo wannan lahani, haka kuma allurar da wanda bai iya ba ya yi wa yaro a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya.

Takalmin ƙarfe iri biyu ne. Akwai gajere, mai tsayawa ƙasa da gwiwa. Akwai dogo, mai kaiwa har cinya. Mutane da yawa suna tsammani dogon ya fi, tun da ya fi tsada. Ba haka ba ne. Kowanne da aikinsa, kuma wanda aka ɗora wa ƙarfen da ya fi bukatarsa, nauyi kawai aka ƙara masa.

To, yaya za ka san wanda ya dace? Likita ne zai yanke, amma yana da kyau ka duba tun a gida. Mu ce yaro ne. Zaunar da shi a kan benci, ƙafafunsa na reto. Ka ce ya ɗaga yatsun ƙafarsa sama. Idan ya kasa, to, naman da ke gaban ƙwauri ya mutu. Shi ya sa in yana tafiya yatsunsa ke jan ƙasa, yana yawan tuntuɓe, yana ɗaga gwiwa sama kamar mai ratsa ciyawa da raɓa. Sa'an nan ka ce ya miƙe gwiwar, ka ɗan danna ƙwaurin da hannunka. Idan ya iya riƙewa, naman cinyarsa na da ƙarfi. Irin wannan yaro gajeren takalmi ya ishe shi. Aikinsa shi ne ya tallafe tafin ƙafa kada ya faɗi.

Kafin ka tashe shi, ka kama tafin ƙafar ka tura sama a hankali. Idan ya hau har ya yi daidai da yadda ƙafa take in mutum na tsaye, madalla. Idan ya ƙi, agara ce ta ɗaure. Ƙafar da agararta ta ɗaure ba ta zama cikin takalmi, sai ta goge ta yi rauni. Dole a fara saki tukuna, ko da miƙewa kullum yadda ma'aikacin asibiti zai koya muku, ko da ɗaurin siminti, ko da ɗan aikin tiyata. Kada ku ja da ƙarfi a gida.

Yanzu sai maganar gwiwa, ita ce mai wuya. Abu biyu ke sa gwiwa ta koma baya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, ita agarar nan da muka faɗa. Idan yatsu na kallon ƙasa, yaro kuwa yana so diddigensa ya taka, ba yadda zai yi sai ƙwaurin ya karkata baya, gwiwa ta bi shi. Ka ga laifin ba na gwiwa ba ne, daga idon sawu ya taso. In an saki agarar, aka ba shi gajeren takalmi wanda aka ɗan karkata gaba, aka ɗan ƙara wa diddigensa tudu, sau da yawa gwiwar takan daina komawa.

Na biyu, mutuwar naman cinya. Yaron da cinyarsa ba ta da ƙarfi, in gwiwar ta ɗan lanƙwasa gaba sai ya faɗi. Saboda haka yakan tura ta baya ya jingina a kan jijiyoyin bayan gwiwa, wani ma yakan dafe cinyar da hannu yana tafiya. Dabara ce, kuma in komawar kaɗan ce, ita ke riƙe da shi. Lura da kyau: idan aka sa wa irin wannan yaro gajeren takalmin nan mai karkata gaba, an raba shi da dabararsa, faɗuwa zai riƙa yi. Amma jijiya kamar igiyar guga take, yau da gobe tana saki. In ka ga lanƙwasar tana ƙaruwa shekara shekara, ƙafar ta fara kama da baka, ko yana kukan ciwo a bayan gwiwa, lokacin dogon takalmi ya yi. Kada a jira sai ta lalace.

Dogon ma iri iri ne. Wani yana da mahaɗi a gwiwa, mai barin ta lanƙwasa gaba amma ya hana ta wuce miƙe. Wani yana da makulli, a kulle in za a yi tafiya, a buɗe in za a zauna. Mai makulli na wanda cinyarsa ta mutu sarai ne. Ku tambaya a nuna muku yadda ake buɗe shi, domin yaro ya iya zama a tabarma da makaranta kamar 'yan'uwansa.

Da sunan ƙarfe muke kiransa, amma yanzu ana yin na roba. Na roba ba nauyi, ana auna shi da ƙafar mutum, yana shiga cikin takalmi. Aibinsa zafi da gumi, lalle sai da safa ta auduga, in kuwa ya tsage ba ya gyaruwa a ƙauye. Na ƙarfe da fata ya fi nauyi, amma iska na shiga, mai walda da baduku suna iya gyara shi. Ga mai zuwa gona da wanda ke nesa da asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gyara dai muka ce. Ƙira da awo aikin asibiti ne. Kada ka sayi takalmi a kasuwa, kada ka karɓi na ɗan maƙwabci don ya yi masa kaɗan. Ka je asibitin da ke kusa da kai a rubuta maka takarda zuwa inda ake yi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Takalmin ba ya tayar da naman da ya mutu, tsaga da ƙaho ma ba sa tayarwa. Abin da yake yi shi ne ya riƙe ƙafa daidai, mutum ya yi tafiya.

In an kawo shi gida, a fara sawa kaɗan kaɗan, ana ƙarawa kullum. Duk dare uwa ta cire ta duba fata, musamman idon sawu, da diddige, da gefen gwiwa. Jan da bai baje ba bayan minti 20, ko bororo, alama ce takalmin na ci. A daina sawa, a mayar a gyara. Mai kuturta da mai ciwon suga su fi kowa kula, domin ba sa jin zafi sai gyambo ya fito. A riƙa ɗiga mai a mahaɗin, a kakkaɓe yashi. Yaro kuwa girma yake yi: a kai shi a sake awo kamar bayan kowane wata 6, ko kuma da zarar kun ga mahaɗin ƙarfen ya sauka ƙasa da gwiwarsa.