Kalmar *landā a Tushen Keltanci: Asalinta da Nahawunta

Babu wani rubutu da aka taɓa samu na Tushen Keltanci, watau kakan harsunan Ailan da Wels da Biritaniyar Faransa da tsohuwar ƙasar Gol. Masana kwatancin harsuna ne suka sake gina kalmominsa, don haka ake sa musu alamar tauraro a gaba. Wannan takarda za ta duba ɗaya daga cikinsu, watau *landā, mai ma'anar "fili" ko "buɗaɗɗiyar ƙasa".

A tsohon harshen Ailan akwai land, wadda ta koma lann. A Welsanci akwai llan. Faransanci kuma ya gaji lande, "saura", daga harshen Gol. Ana mayar da su ga saiwar Indo-Turai *lendh-, wadda land ta Ingilishi da Jamusanci ma ta fito daga cikinta. Idan wasalin saiwar ya faɗi, sai n ta ɗauki nauyin gaɓa, irin wannan n kuwa an take zama a Keltanci. Haka kuma dh ta rasa hucinta ta zama d.

Ta fuskar nahawu, *landā suna ce, jinsin mace, daga ajin da ke ƙarewa da dogon wasalin ā. Mai jin Hausa zai tuna da "gona" da "ƙasa", amma wannan kama dace ce kurum, ba dangantaka ba. Sigar karɓau ita ce *landam, jam'i kuma *landās.

Abin da ya fi jan hankali, a ganina, shi ne cewa wasalin ƙarshen ya ɓace amma ya bar sawu. Da yake baƙin farko na kalmar da ke biye yana faɗawa tsakanin wasula, sai ya yi laushi, laushin kuma ya zauna bayan wasalin ya tafi. Ga shi a sunayen garuruwan Wels: llan da Mair sun ba da Llanfair, llan da Pedr sun ba da Llanbedr, llan da Tudno kuma Llandudno.

Ma'anar ma ta yi tafiya. A Wels ta tashi daga fili zuwa killataccen wuri, kamar a perllan, "lambun itatuwa", daga nan zuwa harabar coci, har ta kai ga cocin kansa. A harshen Ailan kuwa ta zama ɗafin wuri, kamar a leabharlann, "ɗakin littattafai".