Amina Rizƙu, Uwar da Ba Ta Haifa Ba

Ku sani, ya 'yan'uwa, an haifi Amina Rizƙu a Tanta ta ƙasar Masar cikin shekarar 1910. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, suka ƙaura zuwa Alƙahira ita da mahaifiyarta. Cikin 1924 ta shiga jama'ar wasan kwaikwayo ta Yusuf Wahbi, mai suna Ramsis, a zamanin da ake ƙidaya tsayuwar mace a dandali abin kunya. Cikin 1932 ta fito a Auladuz Zawati, wasan siliman Masar na farko mai magana. Da talabijin ya zo, can ma aka gan ta.

Da girma ya kama ta, sai ta shahara da fitowa uwa. Cikin Bidaya wa Nihaya, na 1960, ita ce matar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da talauci. Abin al'ajabi, ba ta taɓa aure ba, ba ta goya nata ba. Sana'ar nan ta ba wa rayuwarta duka, har Misirawa suka riƙe ta uwarsu.

Ta rasu cikin 2003, tana da shekara 93. Allah ya jiƙanta, amin.