Biskit ɗin karnuka a matsayin tsarabar Kirsimeti: kyautar da ke buƙatar taka-tsantsan

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, da zarar watan Disamba ya kama, iyalai da dama kan shiga ɗakin girki su gasa biskit na musamman domin karnuka. Sukan yi masa ado, su ƙunshe shi a kwalba ko leda mai kyau, su kai wa maƙwabta da abokai masu kiwon kare a matsayin tsarabar Kirsimeti. A can, ana ɗaukar kare tamkar ɗan gida. Ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobin gida ta Amurka, APPA, ta ce Amurkawa sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobinsu a shekarar 2023.

Sana'ar ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna James Spratt ne ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a birnin Landan wajajen 1860. A 1989 kuma aka kafa Three Dog Bakery a Kansas City, gidan gashi da karnuka kaɗai yake yi wa aiki.

Abin da ya faru a 2007 na cikin dalilan da suka sa wasu suka koma yin nasu a gida. A shekarar, an janye ɗimbin abincin karnuka da kyanwoyi daga kasuwannin Amurka da Kanada, bayan an gano sinadarin melamin a cikin wani haɗin alkama da aka shigo da shi daga Sin. Dabbobi da yawa sun mutu sakamakon ciwon ƙoda.

Haɗin na gida ba shi da wuya: garin alkama, dafaffiyar kabewa, ƙwai da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A kwaɓa, a murza, a yanka shi da siffar ƙashi ko tauraro, a gasa har ya bushe ƙayau, domin mai danshi yana saurin yin fumfuna. Wajen ado, ana shafa yogot marar sukari da aka haɗa da garin sitaci, a rina shi da ruwan gwoza ja ko kurkum.

Sai dai a nan ne hatsarin yake, domin kayan zaƙin da mutane suka saba da su lokacin biki na iya zama guba ga kare. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyobromin, wanda jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri, shi ya sa ake maye gurbinsa da garin 'ya'yan itacen karob. Inabi da zabibi na iya lalata ƙoda, albasa da tafarnuwa kuma suna illata jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan zailitol, sinadarin ƙara zaƙi da ake samu a cingam da wasu nau'o'in gyaɗar kwalba: yana sa sukarin jinin kare ya faɗi warwas, yana kuma iya taɓa hanta.

Likitocin dabbobi na ba da shawarar kada irin wannan lashe-lashe ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare a rana. Saboda haka masu bayar da kyautar kan liƙa takarda a jikin kwalba, mai ɗauke da sunayen kayan haɗi da ranar gashi, don mai karen ya san abin da zai bai wa dabbarsa.