Manhajar da ke koya wa matasan Makoda Turanci ba ta san baffa ba

Idan aka yi sallar isha'i a Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar Makoda, za ka ga ɗalibai sun duƙufa kan waya. Ba duka hira suke yi ba. Tun da Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, mai shirin jarrabawar WAEC ko JAMB ya samu malamin Turanci da ba ya gajiya, ba ya kuma yi masa dariya in ya yi kuskure.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da iyayensa ba su da kuɗin darasin yamma. A ganina, wanda ya ce a raba shi da wayar bai yi masa adalci ba.

Sai dai a gwada juya akalar zuwa Hausa. Turanci na da kalma ɗaya ga ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba, don haka sau da yawa manhaja takan mayar da su duka kawu. A gidan Bakano kuwa kawu daban, baffa daban, kuma kowa da matsayinsa ranar neman aure. Haka gero da maiwa, da manomin Makoda ba zai taɓa haɗa su ba, suna ɗaya gare su a bakin Bature. Balle gandu da gayauna, ko huɗa da maimai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙirƙirarriyar basira daga rubutun intanet take koyo, Turanci ne kuma ya cika shi. Hausar da ke ciki kaɗan ce, mafi yawanta labarai da fassara, wata ma babu ƙugiya, inda ƙafa da kafa suka zama ɗaya. Hausar gona da ta tsakar gida a baki take, ajami kuma yawancinsa na kan takarda. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma har yau karin magana na kayar da shi.

Abin damuwar shi ne ɗalibi ya ɗauka Hausar waya ce daidai, ta kakarsa kuma ƙauyanci.

Makaranta ce ya kamata ta cike giɓin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, amma a Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, aka koma Turanci. Wata biyu kafin nan ne ministan sadarwa, Bosun Tijani, ya ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar Najeriya mai jin Hausa, Yarbanci da Igbo.

Ke nan ana koya wa na'ura Hausa a Abuja, a daidai lokacin da aka ce malamin aji ɗaya a Koguna ya yi wa yara bayani da Turanci.